Daga Jakadan Katagum Zuwa Manhajar da Ake Aika

A farkon watan Janairu na 1824 Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka iso Katagum daga Kukawa, a zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Kauwa. Oudney bai yi nisa da garin ba ajali ya cim masa a Murmur ranar 12 ga watan, Clapperton kuwa ya wuce Kano da Sakkwato. Cikin abin da ya rubuta game da Katagum akwai ganuwa da kasuwa da karamcin sarki, akwai kuma wani ɗan batu da mai karatu kan yi saurin tsallakewa: a nan ne ya fara ganin ana ciniki da wuri. A ƙasar Barno da ya baro, gabaga ake biya da ita, wato siririn saƙin auduga, ko wata haja da kowa ya san darajarta. Kusan shekara talatin bayan haka Heinrich Barth ya tarar wuri ya shiga Kukawa, amma da nasa lissafin, wuri 8 gabaga ɗaya, gabaga 4 ratal ɗaya, alhali a Kano da zambar ake ƙirge, keso kuma wuri 20,000 ne. Ke nan Katagum tana kan iyakar ma'auni biyu. Attajiri ko basaraken da ya tashi ɗan aike ya ce masa ya karɓo ɗari biyar bai gama magana ba sai ya faɗi ɗari biyar na mene ne, da lissafin wace kasuwa. Abin da nake son nunawa shi ne, tarihin mulki a wannan masarauta, daga jakada zuwa malamin haraji, tarihi ne na yadda ake kwatanta aiki ga wanda zai je ya yi shi a bayan idon mai aikin, kuma ma'aunin kyawun kwatance bai taɓa zama daɗin lafazinsa ba. Ma'auninsa shi ne abin da baƙo ya aikata da shi a ranar da abubuwa suka cakuɗe.

Masarautar da kanta da aike aka kafa ta. Malam Ibrahim Zaki ya karɓi tutar jihadi da sunan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya haɗe tsoffin ƙasashe irin su Shira da Tashena, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, ya gina Katagum a bakin kogin Jama'are kafin rasuwarsa a 1814. Daga nan zuwa Sakkwato tafiyar makonni ce a kan doki. Sarkin Musulmi ba ya ganin Katagum da idonsa, ta hannun Waziri yake ganinta, domin gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne babbar ƙofar masarautun gabas. Sarkin Katagum shi ma ba ya ganin kowane ƙauye. Kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, manyan masu sarauta na zaune kusa da fada, garuruwan da aka ba su riƙo na warwatse a karkara, jakada ne ke kai da komowa tsakaninsu da dagatai. Shi ke isar da umarni, shi ke tattaro kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da jangali, shi ke dawowa da labarin wanda ya yi biyayya da wanda ya noƙe. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, amma daular da ta shimfiɗu daga Gwandu zuwa Adamawa ba ta da zaɓi, dole ta rayu a kan aike.

Wasiƙun wancan zamani sun tsira da yawa. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, H. F. Backwell ya fassara wasu ya buga a 1927, Murray Last kuma ya dogara ƙwarai da irin waɗannan takardu a littafinsa na tarihin daular da ya fito a 1967. Duk wanda ya duba su zai lura da siga guda: hatimi a sama, basmala da salati, daga wane zuwa wane, gaisuwa mai tsawo gwargwadon darajar wanda aka rubuta wa, sannan ainihin saƙon cikin layi kaɗan. Galibinsu ba kwanan wata. Sau da yawa wasiƙar na gabatar da mai ɗauke da ita ne kawai, sauran bayani na bakinsa. Idan aka auna su da idon ma'aikacin ofis na yau za a ce ba su cika ba, tunda ba adadi filla-filla, ba wa'adi, ba abin da za a yi in an samu cikas. Amma sun yi aiki kusan shekara ɗari, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jakadan bawan gida ne ko bara da ya girma a zauren ubangidansa, ya san halinsa, ya san wane dagaci ne ake lallaɓawa da wanda ake yi wa tsawa, ya san ƙauyen da fari ya ci gonakinsa bara. Rabin kwatancen na kan takarda, rabi na cikin kansa. Takardar ba ta da aikin koya masa komai, aikinta ta shaida cewa da yawun wa yake magana.

Wannan tsari yana da tsada, talaka ne kuma ke biya. Duk abin da umarni bai fayyace ba, jakada ne ke cike shi da ra'ayinsa, ra'ayin mutum kuwa kan karkata wajen aljihunsa. In ba a faɗi iyakar abin da zai karɓa ba, to masaukinsa da abincin dokinsa da gaisuwarsa duk sun zama haraji na biyu. Ubangidansa ba shi da hanyar ganewa, domin ma'aunin da ke hannunsa ɗaya ne, wato abin da ya iso fada. In keson ya cika, aike ya yi kyau. Ba wanda ke tambayar nawa aka karɓa kafin a kawo wannan. A ganina nan ne babban raunin jakadanci yake, ba a mugun halin wasu jakadu ba: mai aike yana auna sakamako daga ɓangarensa kaɗai, bai ajiye wata shaida da za ta nuna masa hanyar da aka bi ba.

Wani zai ce na ɗora wa kwatance nauyin da ba nasa ba, ai wanda ya yi niyyar bijirewa ko da ruwan zinariya aka rubuta masa ba zai bi ba. Tarihin yankin ya ba mai wannan magana hujja mai ƙarfi. Wajen 1850, da Sarkin Haɗeja Buhari ya saɓa wa Sakkwato, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tura Waziri Abdulƙadir gabas, ya sauka a Katagum, ya kira Buhari. Saƙon bai da wani duhu, mai kawo shi kuma shi ne mutum na biyu a daula. Buhari bai miƙa wuya ba. Aka tuɓe shi, ya ƙwace sarautarsa da ƙarfin doki, ya addabi Katagum da maƙwabtanta har rasuwarsa a 1863. Na yarda, babu kwatancen da ke maganin tawaye. Sai dai wannan misali yana raba mana abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai wakilin da ya gane ya ƙi, akwai wanda ya so ya bi amma bai gane ba. Na farko matsalar iko ce, maganinta runduna ko sulhu. Na biyu matsalar mai rubutu ce. Mai aiken da bai iya bambanta su ba zai hukunta ɗan aike a kan laifin alƙalaminsa, kuma gobe wani ɗan aiken ya sake faɗawa rami ɗaya.

Zuwan Turawa ya cire rabin da ke cikin kan jakada, ba don tausayin talaka kaɗai ba, har don su ma baƙi ne da ba su san ƙasar ba, ba kuma za su iya mulki da ilmin da ke ɓoye a zukatan barorin wasu ba. Katagum ta shiga hannunsu a 1903 bayan faɗuwar Kano, aka haɗa ta da Lardin Kano a 1905, aka mai da ita Lardin Bauchi a 1926. A tsakanin nan aka yi dokar haraji ta 1906 wadda ta nemi dunƙule haraji iri-iri wuri ɗaya, aka raba ƙasa gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya bar fada ya je ya zauna cikin ƙasarsa, aka soke jakadu, aka kafa Baitulmali, sarki da hakimai suka koma 'yan albashi. Gwamna Lugga ya tattara umarninsa ga jami'ansa cikin kundi a 1906, ya sake faɗaɗa shi bayan shekara goma sha biyu, kuma girman kundin kansa shaida ne: wanda zai aiki saurayin da ya sauko daga jirgin ruwa jiya, dole ya rubuta masa abin da jakada ya sha tun a nono. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta shiga fitar da malaman da za su riƙe littattafan En'e da boko. A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir na uku, hedikwatar masarauta ta tashi daga Katagum ta koma Azare. Tsohon garin an zaɓe shi ne don ya fuskanci Barno a zamanin yaƙi, Azare kuwa ta fi kusa da tsakiyar ƙasar, tana kan hanyar Kano zuwa Potiskum da Maiduguri, inda takarda da kuɗi da mai rangadi za su fi saurin zagayawa.

Sabon kayan aikin shi ne littafi mai layi-layi da rasit. Kowane gurbi na da suna: gari, unguwa, mai gida, adadin mazaje, adadin shanu, abin da aka yanka, abin da aka biya, da fam da sule da kwabo. Wannan ci gaba ne na gaske ta fuska ɗaya, domin gurbi ba ya barin mai rubutu ya yi shiru a kan ma'auni. Amma gurbi yana da nasa duhun, kuma duhun ya fi na wasiƙa haɗari saboda yana kama da haske. Gurbin da aka rubuta wa namiji baligi bai faɗi matsayin ɗan da ya yi aure amma yana noma gandun ubansa ba, bai faɗi na wanda ya tafi cin rani lokacin ƙidaya ba, ko almajirin da ya zo karatu daga wata ƙasa. Gurbin shanu bai faɗi a gundumar wa za a ƙirga garken da ya yi damina a nan ya yi rani a fadamar Haɗeja ba, makiyayi kuwa ya fi kowa sanin wannan giɓi. Malamai biyu masu gaskiya za su iya cike littafi ɗaya su fito da jimilla biyu, kowannensu yana rantsuwa ya bi umarni. Abin da ya rage wa mai mulki shi ne gwaji a fili. Di'o ya fita rangadi, ya sauka a ƙauye, ya kira mutane su kawo rasit, ya gwada da abin da ke littafi, ya sa a sake ƙirga garke. Ba a ofis ake gane ko umarni ya fito sarai ba, sai an bi sawun wanda ya yi aiki da shi. Ba yabon mulkin mallaka nake ba. Harajin nan ne ya tura manoma noman gyaɗa don neman tsabar kuɗi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ƙiyayyar da talaka ke yi masa ta daɗe har gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Kwatance na iya fita tsaf alhali aikin da yake kwatantawa zalunci ne. Wannan wata shari'a ce daban, bai kamata a bar ɗaya ta rufe ɗaya ba.

Dalilin tono wannan tarihi yanzu shi ne an samu sabon ɗan aike. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun wuce amsa tambaya, ana tura su su yi aiki: su duba ma'ajiyar bayanai, su aika saƙo, su yi odar kaya, su tura kuɗi. Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu gina manhaja wannan hanya a watan Yuni na 2023, Anthropic kuma ya fitar da tsarin MCP a watan Nuwamba na 2024 don haɗa irin waɗannan manhajoji da kayan aiki iri-iri. Yadda abin ke gudana ba wuya a fahimta. Kowane kayan aiki, wato ƙaramin shirin kwamfuta da ke yin abu guda, ana ba shi suna, da 'yan layukan bayani cikin harshen mutane, da jerin guraben da za a cike. Manhajar ba ta ganin cikin kayan aikin. Bayanin nan kaɗai take karantawa, da shi take yanke shawarar wanne za ta ɗauka, yaushe, da me za ta zuba a kowane gurbi. Ita mai karatu ce da ta haddace littattafan duniya amma ba ta taɓa kwana a gidan mai aikenta ba. Injiniyan da ya rubuta bayanin kuwa yakan rubuta shi irin wasiƙar Waziri, gajere, cike da abin da shi da abokan aikinsa suka riga suka sani, ya manta cewa wannan karon babu jakadan da zai cike sauran daga kansa.

Saboda haka tambayoyin da za a auna bayanin kayan aiki da su ba sababbi ba ne. Gurbin da aka kira adadi, naira ne ko kwabo? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wasu hanyoyin biyan kuɗi ta intanet a Nijeriya da kwabo suke karɓar adadi, wanda ya rubuta 5,000 yana nufin naira ya tura naira 50. In akwai kayan aiki biyu masu kama da juna, ɗaya na neman abokin ciniki da suna ɗaya da lambar waya, shin bayanin ya faɗi lokacin da ba a amfani da kowanne? Ya faɗi ko aikin na da komowa, ko kuwa in an tura an tura? In aka samu cikas, amsar da kayan aikin ke mayarwa tana gaya wa manhajar abin da za ta gyara, ko lamba ce kawai marar ma'ana? Duk waɗannan ana iya duba su da ido, kuma ya kamata. Amma duban ido shi ne matakin da ya fi ruɗi, tunda mai dubawa yawanci ɗan gida ne, yana karanta abin da ya sani a cikin abin da ba a rubuta ba. Sahihin gwaji shi ne rangadi: a tara ayyuka na gaske masu yawa, har da masu wuya da masu harshen damo, a ba manhajar, a karanta sawunta mataki-mataki, a ga inda ta ɗauki kayan da ba shi ba, inda ta cike gurbi da ƙage, inda ta yi ta maimaita kira ɗaya. Sannan a canja lafazin bayanin kaɗai, a sake gwadawa da ayyukan da ba a yi gyaran da su ba. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley sun kafa allon gwada ƙwarewar manhajoji wajen kiran kayan aiki tun 2024, amma irin wannan allo manhajar yake aunawa. Bayanin da wani ya rubuta wa nasa kayan aikin, shi ne zai fita rangadinsa.

Akwai masu cewa wahalar ba ta da amfani, manhajojin na ƙara basira kowace shekara, ba da daɗewa ba za su gane nufi ko da bayanin ya gaza. Basira tana taimakawa wajen zato mai kyau, amma zato ba sani ba ne. Babu yawan karatun da zai sanar da baƙo cewa a wannan shago tiya ake nufi in an ce kwano, ko cewa buhun da ake lissafi da shi a nan ba nauyinsa ɗaya da na wata kasuwa ba. Hasali ma wakili mai wayo ya fi iya rufe giɓi da amsa mai kama da gaskiya, yadda jakada gwani ya fi sakarai iya ɓoye abin da ya ƙara. Wasu kuma na ganin maganin shi ne a tsawaita bayani a zuba komai. Kundin Lugga ya isa gargaɗi: umarnin da ya yi kauri yakan binne abu mai muhimmanci cikin marar muhimmanci, manhajar kuma tana da iyakar abin da take riƙewa a lokaci guda, kowane layin banza na cin gurbin wani mai amfani. Abin da ake nema shi ne a rubuta daidai abin da baƙo ba zai iya sani da kansa ba, a bar abin da ya riga ya sani.

Saura batun hatimi. Magabata ba su buga shi don ado ba, sun san wanda ke aiki da takarda ana iya juya shi da takardar jabu. A watan Afrilu na 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs suka nuna cewa ana iya cusa ɓoyayyen umarni cikin bayanin kayan aiki, mai amfani bai gani ba, manhajar ta karanta ta bi, har ta fitar da bayanan sirri. Don haka bayanin da ya fito sarai, manhajar ta bi shi ba kuskure, yana iya zama mafi muni in ba a san wanda ya rubuta shi ba, ko an canja shi bayan an amince da shi. A Azare ta yau, mai asibitin tarayya da kwalejin ilimi ta Aminu Saleh, ga jami'ar jiha a Gadau, ga masu POS a kowace kwana, irin waɗannan manhajoji za su shigo ta wayar hannu kafin a yi shawara da kowa, kuma galibin bayanan kayan aikinsu da Turanci aka rubuta, aka gwada su da ayyukan wasu ƙasashe. Ɗan kasuwar hatsi da zai yi wa manhaja magana da Hausa, da ma'aunin kasuwarsa, yana cikin mutanen da ba a sa a jerin gwaji ba. Jakada dai ana iya kai ƙararsa fada, a tuɓe shi, malamin haraji ana iya kama shi da rasit. Manhaja ba ta da rawanin da za a cire mata, don haka ƙarar tana komawa kan wanda ya rubuta bayanin da wanda ya saki kayan aikin ba tare da ya ajiye sawun kowane kira ba, a wurin da wanda abin ya shafa zai iya nema a nuna masa.